Tarihin Tallafin Gwamnatin Tarayya ga Yaƙi da Laifuka a Jihohin Amurka

A tsarin mulkin Amurka, kama masu laifi da gurfanar da su gaban kotu da tsare su a gidan yari aiki ne da mafi yawansa ya rataya a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, shi ya sa ƙasar take da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000, kowace tana cin gashin kanta. Gwamnatin tarayya ba ta fara zuba kuɗi sosai a wannan fanni ba sai a shekarun 1960, lokacin da ƙaruwar laifuka da tarzomar manyan birane suka sa Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar tallafa wa jami'an tsaro a 1965, sannan majalisa ta zartar da wata doka mafi faɗi a 1968, wadda ta kafa hukumar LEAA.

Wannan hukuma ta yi aiki da tsarin tallafin dunƙule, wato a miƙa wa jiha kuɗi gaba ɗaya domin hukumar tsare-tsarenta ta rarraba su gwargwadon buƙata, sai dai an zarge ta da kashe dukiya kan motoci da na'urori alhali laifuka ba su ragu ba, har aka rufe ta a 1982. Tallafin ya dawo da ƙarfi a dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1988 da sunan Edward Byrne, matashin ɗan sandan New York da aka kashe a shekarar yana gadin gidan wani mai ba da shaida, kuma a 2005 aka haɗe shirin da wani shirin tallafi, ya zama Byrne JAG.

Muhimmancin waɗannan kuɗaɗe ya fi fitowa a sharuɗɗan da ake gindayawa, domin adadinsu kaɗan ne idan aka gwada da abin da jihohi ke kashewa daga aljihunsu. Alal misali, dokar yaƙi da laifuka ta 1994, ta zamanin Shugaba Bill Clinton, ta yi tanadin ɗaukar 'yan sanda 100,000, ta kuma ware kuɗin gina gidajen yari ga jihohin da suka tilasta wa masu manyan laifukan tashin hankali su shafe aƙalla kashi 85 cikin 100 na wa'adinsu. Ta haka gwamnatin da ba ta da ikon umartar jihohi kai tsaye ta samu hanyar juya akalar manufofinsu, kuma fursunoni da iyalansu ne suka fi jin tasirin hakan a jikinsu.