Daga William Ponty zuwa wayar salula: hanyar ɗan Arewa zuwa jami'a

Bayan fitowar sakamakon jarabawar bak ta bana, wani dattijo daga Tibiri ya same ni a gida nan Dogondutsi. Na koyar da ɗiyarsa a firamare, yanzu ga ta ta ci bak. Ya ce: "Mushe, hanya uku aka nuna mani. Ko Yamai, ko Sakkwato wurin ƙanwata, ko kuma ta zauna ɗaka ta yi karatun ta cikin waya. Wacce ce ba za ta cinye mani gero a banza ba?" Na ce: "Baba, ba ni kwana biyu." Tambayar ce ta sa na koma ga tarihi, domin ba yau aka fara yi mana alkawarin cewa allo mai hoto zai rage mana nisan makaranta ba.

A zamanin Faransa, ɗan Nijar da ya yi zarra sai an kai shi Senegal, makarantar William Ponty. Can Boubou Hama da Diori Hamani suka yi karatun malanta. Har muka samu mulkin kai a 1960 ba mu da jami'a ko ɗaya. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, kuma a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin hasken rana da ya taɓa shugabantar ta. Ta Musulunci da ke Say ta fara aiki a 1986.

Abin da mutane suka manta shi ne tun 1964, kafin a yi jami'ar ma, Nijar ta gwada koyarwa ta talabijin da taimakon Faransa. An fara da ƴan ajujuwa kaɗan. Ana shirya darasi a Yamai, a watsa shi, yara su kalla. A kowane aji kuma akwai wani matashi mai takardar firamare kawai, wanda aka yi wa gajeren horo, shi ke maimaita darasin da yaran, ya yi masu tambaya, ya duba allunansu. Masu bincike daga waje sun yaba da yadda yaran suka iya Faransanci a baki. Duk da haka shirin bai taɓa game ƙasa ba: akwatunan na son wuta da mai gyara, kuɗin na fitowa daga waje, tsofaffin malamai kuma ba su karɓe shi hannu biyu ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe tabarmarsa, kayan aikin suka zama tushen gidan talabijin na ƙasa. A ganina wannan matashin da ke tsaye gefen akwati shi ne rabin nasarar, amma shi ne ba a cika ambato ba.

Mu da muka taso daga baya mun san jami'a guda ce, kuma tana da nisa, wajen kilomita 270 daga nan. Mun ji labarin 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy suna zanga-zanga kan tsuke bakin aljihun ilimi. Mun ga yayyenmu sun dawo gida da shekarar da aka soke, babu jarabawa babu sakamako. Da yawanmu, har da ni, abin da ya sa muka zaɓi makarantar horon malamai ta Doso ke nan: karatu gajere, aiki a hannu. Ba na nadama, amma ba zan ce zaɓi ne na mai wadata ba.

Daga 2010 aka samu jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas, Difa, Tilaberi da tamu ta Doso, wadda aka karkata ga fasahar sadarwa. Nisa ya ragu. Kuɗin ɗaki da abinci da jiran bursu dai suna nan.

Karatun intanet ma ya girmi wayoyin da ke hannun ƴaƴanmu. Bankin Duniya ya ƙaddamar da jami'ar Afirka ta nesa tun 1997, amma a lokacin sai ka je ɗakin kwamfuta a babban birni. Gwajin gaske ya zo a Maris 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu har farkon Yuni. Na ga abin da ido: malami ya tura darasi ta WhatsApp, wayar kuma ta uba ce, uban yana kasuwa ko ya tafi cin rani. Yaran ƙauyukan Matankari da na koyar sun dawo kamar an yi dogon hutu. Sannan a Agusta 2023, da Najeriya ta katse wutar da take ba mu bayan juyin mulki, mun ƙara gane cewa darasin waya yana rataye ne ga mai cajin waya na bakin tasha.

Da dattijon ya dawo, na ce masa kafin ya biya ko dala ga makarantar intanet ya tambayi abu biyu. Shin gwamnatin Nijar, ko hukumar CAMES da ke Wagadugu, ta amince da takardar da za su bayar? Kuma wa zai zauna da yarinyar ya duba aikinta in ta kakare? Sakkwato kuwa, Jami'ar Usmanu Danfodiyo tsohuwa ce, tun 1975, ga dangi kusa, amma yarinyar da ta yi shekara goma sha uku da Faransanci sai ta fara da koyon Ingilishi, in ta dawo kuma sai an daidaita takardarta a Yamai.

Ya yi shiru, sannan ya ce ban ambaci Doso cikin lissafinsa ba, shi ma bai san da ita ba. Ranar Litinin za su shiga mota shi da ɗiyar su je su gani da idonsu.