Raba Addini da Mulki a Faransa da Sha'anin Ranakun Hutu

Ranar 9 ga Disamba 1905 Faransa ta zartar da dokar raba gwamnati da coci. Dokar ta tabbatar wa kowa 'yancin bin addinin da ya so, sa'an nan ta yanke cewa gwamnati ba za ta ƙara biyan limaman wani addini albashi ba. Amma duk da haka, cikin ranakun hutu 11 da ma'aikatan Faransa ke samu a shekara, 6 na bukukuwan Kirista ne. Wannan al'amari yana da dalili, dalilin kuwa yana cikin tarihi.

Sa'ad da aka yi juyin juya hali a 1789, Cocin Katolika ita ce ke riƙe da filaye masu yawa, da makarantu, da rajistar haihuwa da ta aure. Masu juyin suka ƙwace dukiyarta, daga baya suka ga bai isa ba sai sun karɓe lissafin kwanaki ma. A 1793 suka ƙago sabuwar kalanda mai wata 12, ko wane wata kwana 30, an kasa shi gida uku, watau mako ya zama kwana goma. Lahadi ta ɓace, bukukuwan coci suka bi ta. A 1798 har doka aka yi cewa ba za a ɗaura aure ba sai a rana ta goma, don dai a tilasta wa mutane girmama ta.

Talakawa ba su karɓa ba. Wanda ya saba hutawa sau 52 a shekara an mayar da shi sau 36, ga shi kuma ranakun kasuwa sun rikice. Manoma suka ci gaba da ajiye aiki ran Lahadi kamar yadda suka gada. Da Napoliyon ya hau mulki ya gane cewa wannan rigima ba ta da riba, sai ya ƙulla yarjejeniya da Paparoma Pius na Bakwai a 1801. A 1802 aka mayar wa ma'aikatan gwamnati hutun Lahadi, aka kuma yarda da bukukuwa huɗu: Kirsimeti, da ranar hawan Almasihu sama, da ranar ɗaukar Maryamu sama, da ranar tunawa da dukan tsarkaka. Sabuwar kalandar kanta aka soke ta daga 1 ga Janairu 1806.

Wannan darasi bai ɓace wa shugabannin Jamhuriya ta Uku ba, ko da ya ke sun fi kowa adawa da ikon coci. A 1882, a ƙarƙashin Jules Ferry, suka fitar da koyar da addini daga makarantun firamare na gwamnati, amma suka ware rana guda a mako, ban da Lahadi, domin iyaye su kai 'ya'yansu karatun addini a waje. Alhamis ce aka ware, har zuwa 1972 da aka mayar da ita Laraba. A 1886 kuwa su da kansu suka ƙara Litinin ɗin Ista da Litinin ɗin Fentikos cikin ranakun hutu. Saboda haka, da aka zo tsara dokar 1905, Aristide Briand da abokan aikinsa suka sa wani sashe, na 42, wanda ya bar ranakun hutu yadda suke. Ba a cika shekara ba, a Yulin 1906, aka yi dokar hutun mako ta ma'aikata, aka ɗora shi a kan Lahadi. Hujjar da aka bayar ita ce lafiyar leburori da zaman iyali, ba ibada ba. Ta haka rana ta zauna inda take, hujjarta kaɗai aka sake.

Akwai kuma yankin Alsas da Mozel, wanda ke hannun Jamus daga 1871 zuwa 1918, don haka dokar 1905 ba ta shafe shi ba. Har yanzu gwamnati na biyan limaman Katolika da na Furotesta da na Yahudawa albashi a can, kuma suna da ƙarin hutu, kamar na 26 ga Disamba.

Matsalar ta sake tasowa bayan da Musulmi suka yawaita a ƙasar. A 2003 kwamitin Bernard Stasi, wanda Shugaba Jacques Chirac ya naɗa, ya ba da shawarwari da dama, cikinsu har da waɗannan biyu: a hana sanya alamun addini na fili a makarantun gwamnati, kuma a ba ɗalibai hutu ranar Babbar Salla da ranar Yom Kiffur ta Yahudawa. An karɓi ta farko, ta zama doka a 2004, aka yi watsi da ta biyu. Masu goyon bayan haka suka ce tsofaffin bukukuwan sun riga sun zama al'adar ƙasa. Masu suka kuwa suka ce idan an raba, a raba da kowa, idan an yarda, a yarda da kowa.

Wasu ƙasashen da Faransa ta mulka sun gāji wannan aƙida, amma sun sassauta ta. Jamhuriyar Nijar, wadda tsarin mulkinta na 1960 ya ce ba ta da addinin gwamnati, tana hutun Salla Ƙarama da Babba da Mauludi, tana kuma hutun Kirsimeti da Litinin ɗin Ista.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, doka na iya raba baitulmali da wurin ibada cikin rana ɗaya, amma kalanda ta jama'a ce, ba a tumɓuke ta da umarni. Gwamnatin da ta ce ba ta da addini ba ta tsira daga zaɓen ranar da za a rufe ofis ba, kuma a wurin wannan zaɓe ne 'yan ƙasa ke auna adalcinta.