Daga Murhun Dutse Zuwa Kicin: Tarihin Madafa a Gidan Bahaushe

A tsohon tsarin gidan Bahaushe, ba a kiran magini saboda madafa. Magina, waɗanda har sarkinsu gare su a birane irin su Kano da Zariya, aikinsu soro ne da zaure da masallaci, irin ginin da ya sa har yau ake ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Madafa kuwa ta mutanen gida ce. Maigida da samarinsa su ta da bango, mata su ƙarasa sauran.

Kayan aikin duk suna kusa. A haƙo ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa, a tattake da ƙafa, a mulmula tubali a shanya a rana. Mai hali ya yi rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, marar hali ya ɗora jinka. A gidaje da yawa ma rumfa ce kawai a jikin katanga. Da rani a tsakar gida ake hura wuta, sai damina ta sauka a kwashe tukwane a shiga ciki. Da ruwa ya ɗauke kuma a sake kwaɓa ƙasa, a liƙe inda ya tsage, a yaɓe inda ya zaizaye. Gyaran madafa aikin kowace shekara ne, ba wanda yake jiran sai ya tara kuɗi.

Daɓe shi ne rabon mata, kuma shi ne ɓangaren da ya fi armashi. Matan unguwa su taru kamar yadda maza suke taruwa a gayyar noma, kowacce da madaɓinta. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, a jera a durƙushe ana bugu tare ana waƙa, bugun yana bin waƙar. In ƙasa ta kwanta sai a yayyafa ruwan makuba, wanda ake jiƙowa daga ɓawon ɗorawa, daɓen ya yi duhu, ya yi ƙarfi da santsi, ya daina ta da ƙura. Waƙoƙin daɓe sun zama reshe guda a adabin baka na Hausa, ana nazarinsu a jami'o'i, alhali aikin da ya haife su ya kusa ɓacewa a birane.

Shi kansa murhun duwatsu uku ne, ko curin yumɓu uku da uwargida ta gina da hannunta. Akwai hikima a ciki. Tukunyar ƙasa gindinta zagayayye ne, a kan ƙafa uku take zama daram ko da ƙasa ba ta daidaita ba. Tuƙin tuwo kuma aikin ƙarfi ne: mai girki tana zaune a kujera 'yar tsugunno, tukunya a gabanta, ta danna muciya da nauyin jikinta. In tana son wuta ta tura itace, in ta yi yawa ta janye. Turmi da dutsen niƙa da randa da tanda, kowanne a ƙasa yake, daidai hannun wadda take zaune. Ita ce ta auna wurin, domin ita ce za ta yi aiki a cikinsa.

Murhu har iyakar iyali yake shatawa. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya lura cewa Hausawa suna ƙirga iyali da masu cin tukunya ɗaya. Matarsa Mary Smith ita ce ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954, cike da labarin yadda kishiyoyi suke karɓa-karɓar girki. Ranar da ɗa ya fita daga gandun mahaifinsa, abin da ya fara bayyana a ido shi ne sabon murhu a sashensa.

Canji ya biyo hanyar dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a bayansa kwanon rufi da kwanonin cin abinci da tukwanen ƙarfe suka yawaita a kasuwa. Siminti ya biyo baya, musamman bayan kamfanin Kalambaina da ke Sakkwato ya fara aiki a 1967. Daga ranar da bulo ya maye gurbin tubali, ginin madafa ya koma hannun birkila da kafinta, mai girki ta zama 'yar kallo.

Shi kuwa kicin mai kabad a jikin bango da kanta da wurin wanke-wanke, wanda yau ake alfahari da shi a gidan amarya, asalinsa Jamus ne. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ƙaramin kicin don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt, faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa bai kai mita 3 da rabi ba, aka kafa kusan 10,000. Ta yi shi ne bayan auna motsin matan can, masu girki a tsaye su kaɗai. Aka kwafo fasalin zuwa gidajen da ake daka da tankaɗe da tuƙin tuwon mutum goma sha biyar. Abin da ya biyo baya kowa ya san shi: kicin na ciki yana ƙyalli da tayil da jeren kayan amarya, ainihin girki kuma yana bayan gida a kan gawayi.

Makamashi ma ya yi ta juyawa: risho na kananzir, sannan murhun nan da aka laƙaba wa sunan Abacha a shekarun ƙarancin mai na 1990, yanzu kuma gas ga mai iya saye. A Nijar, bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ya cinye itatuwa, an yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi da na yumɓu mai suna Albarka don rage cin itace. Na yumɓun ya cancanci yabo na musamman, saboda mata ne suke koyon gina shi da kansu, su gyara shi da kansu.

Ba a cewa tsohuwar madafa ba ta da aibi. Baƙin kunkunniyar da ke rufinta, shi ne yake shiga ƙirjin uwa da jaririn da ke goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda hayaƙin girki ne babban tushenta, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Amma rumfar da iska ke ratsawa ta fi ɗan akurkin bulo marar taga da ake ginawa a gidajen haya a kira shi kicin, a kuma hura gawayi a ciki.

Don haka duk mai shirin gina kicin ko gyara tsohon nasa, kafin ya sayi bulo ko tayil, ya kira wadda za ta yi girkin ta nuna masa inda turmi zai zauna, da tsayin da kanta za ta yi, da bangon da za a fasa wa taga.