Tarihin haɗa layi da NIN: yadda kwamfutoci dubu suka tsaya a ƙofa ɗaya

Yau ba gyaran sikirin ko canjin batir za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa, don mu gane me ke faruwa idan aka ce maka "ana tantance lambarka, ka jira".

A 2011 hukumar NCC ta fara rajistar layukan waya, ana ɗaukar hoto da zanen yatsa. Kowane kamfani yana ajiye bayanan a nasa rumbun. Gwamnati ba ta ɗauki abin da wasa ba: a 2015 an ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 kan layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, daga baya aka daidaita a biliyan 330. A gefe guda kuma akwai hukumar NIMC da aka kafa a 2007, mai ba kowa lamba 11 ta NIN. Rumbu biyu kenan, kowa da nasa.

A Disambar 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka ce a haɗa su. Layuka kusan miliyan 200, kowanne sai an tambayi NIMC: wannan lambar ta wane ce? Suna ya yi daidai? Ranar haihuwa fa?

Don a gane nauyin aikin, sai mu leƙa Amurka. A 2004 injiniyoyin Google biyu, Jeffrey Dean da Sanjay Ghemawat, suka bayyana dabarar MapReduce: a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, a raba wa kwamfutoci masu yawa, a ƙarshe a haɗa sakamako. A 2006 Hadoop ta fito da wannan dabara kyauta ga kowa. A 2009 Matei Zaharia ya fara Spark a jami'ar Berkeley, wadda ta fi sauri saboda tana riƙe bayanai a RAM maimakon komawa kan faifai kowane lokaci. Kai da ka san bambancin waya mai RAM 2 da mai 8, ka gane zancen.

To amma saurin nan yana aiki ne idan bayanan suna gidanka. Idan sai ka aika tambaya ta intanet zuwa sabar wani, ta ƙofar da masu manhaja ke kira API, labari ya canza. Kamar 'yan garuwa dubu ne a famfo ɗaya. Ƙara kura ba ya ƙara ruwa. Misali, kwamfuta 1,000 kowacce ta aika tambaya 100 a daƙiƙa, tambaya 100,000 kenan a ƙofa ɗaya. Ko dai sabar ta mayar da saƙon 429, wato "kun yi yawa", ko ta kwanta gaba ɗaya. Shi ya sa injiniyoyi ke tara tambayoyi kashi-kashi, su ƙayyade gudu, su ajiye amsar da suka samu, wadda ta faɗi kuma a sake aikawa anjima.

Najeriya ta ga wannan da idonta. A Fabrairun 2022 hanyar tantance NIN ta tsaya na kwanaki da dama, NIMC ta ce aikin gyara ne a wajen mai ba ta hanyar sadarwa. Sabon layi, walkam bak, buɗe asusun banki, fasfo, duk suka tsaya cak. Kwamfutocin kamfanoni lafiyarsu lau, ƙofar ce a rufe. A farkon shekarar ne kuma aka kawo vNIN, lamba ta wucin gadi mai haruffa da lambobi 16 wadda ke mutuwa bayan awa 72, don kada ainihin lambarka ta riƙa yawo a hannun kowa.

Ranar 4 ga Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 72 yin kira. A ƙarshen Yulin 2024 aka sake rufe layuka da yawa, mutane suka cika ofisoshi, NCC ta ce a buɗe. Wa'adin ƙarshe ya zama 14 ga Satumba 2024.

A nan Rikoto, akasarin masu kawo waya kan "layi ba ya kira", wayar ƙalau take. Matsalar tana amsar da ƙofar ta bayar. Kwamfuta ba ta san Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ba ne. Ba ta san wanda ya sayi layi da sunan yayansa a kasuwar Zuru ba. Sunayenmu na C'lela ma wani ma'aikaci ya rubuta daban, wani daban.

Saboda haka kafin ka kashe kuɗin gyara, danna *996# ka duba matsayin layinka. Idan ka manta lambarka, *346# a layin da ka yi rajista da shi. Ka gwada sunan da ke takardar NIN da wanda ke kan layin, harafi da harafi. Idan sun saɓa, ofishin kamfanin layi ko na NIMC za ka je, ba wajen mai gyara ba. Kuma kar ka tura wa kowa NIN ɗinka a WhatsApp don "ya buɗe maka layi".

Wanda aka rufe wa layi saboda saɓanin suna, ya faɗa mana yadda ya warware, wani zai amfana.