Yumɓun da Bai Fito Daga Ƙasa Ba

Da an ce yumɓu, hankali kan tafi bakin rafi wajen masu ginin tukwane. To akwai wani yumɓun da ba ruwansa da ƙasa. Da garin roba ake haɗa shi, irin robar fayif ɗin ruwa da ake kira PVC, a zuba launi da wani mai da ke sa shi laushi. Iska ba ta busar da shi, sai an gasa shi a zafin digiri 110 zuwa 130 yake ƙanƙarewa.

Tarihinsa ya faro ne a Jamus a 1939. Wata shahararriyar mai yin 'yartsana, Käthe Kruse, ta gwada shi don ƙera kawunan 'yartsanarta, amma bai yi mata ba. 'Yarta Sophie, wadda ake yi wa laƙabi da Fifi, ita ta ɗauki abin da uwar ta ajiye, ta yi ta gwaji da shi. A 1954 ta fara sayar da shi da sunan FIMOIK. Kamfanin Eberhard Faber ya sayi haƙƙinsa a 1964, ya fitar da shi kasuwa da sunan FIMO a 1966. A Amurka kuma aka samu irinsa mai suna Sculpey.

An daɗe ana ɗaukarsa kayan wasan yara. Abin da ya ɗaga darajarsa wata tsohuwar dabara ce ta maƙeran gilashin Murano da ke Banis a Italiya, wato millefiori, ma'ana furanni dubu. Akan jera siraran sanduna masu launi, a haɗe su dunƙule guda, a ja shi ya yi tsawo, sannan a yanyanka. Kowane yanki da zane iri ɗaya yake fitowa. Duwatsun ado masu wannan zane ba baƙi ba ne a Afirka ta Yamma, domin fataken Turai sun yi ta shigo da su a ƙarni na 19. Masu aikin yumɓun roba sun gano cewa za su iya yin haka a kan tebur, ba wutar maƙera. Littafin Nan Roche, The New Clay, na 1991, ya yaɗa dabarar.

Da yake ba shi da nauyi, masu fasaha irin su Kathleen Dustin da Pier Voulkos suka riƙa ƙera manyan kayan ado masu siffar tsirrai da 'ya'yan itace, waɗanda in da ƙarfe ne da jiki bai ɗauke su ba. A 2011 gidan adana kayan fasaha na Racine a Amurka ya shirya wa irin waɗannan ayyuka baje koli na musamman.

A wajenmu sarƙar zinariya ajiya ce, ranar matsi a kai ta sikeli. Sarƙar yumɓun roba kuwa ba ta da abin aunawa. Wanda ya saye ta, aikin hannun mai ita ya biya.