Yaji da Biko a Tarihin Auren Hausawa

Yaji tsohuwar hanya ce da matar aure a ƙasar Hausa ke bi don nuna an cuce ta. Idan duka, zagi, horon yunwa ko fifita kishiya suka ishe ta, sai ta goya ɗanta ta nufi gidan iyayenta. Miji kan tura dattawa biko, a zauna a zaure a bi ba'asi, a ja masa kunne, wani lokaci ya haɗa da turmin atamfa.

Da yawan yaji, da rama, da tabon da ake rufewa da mayafi, da hana ziyarar dangi iyaye ke gane zama ya lalace. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai gaban alƙali, domin mazhabar Malikiyya ta ba shi ikon raba aure saboda cutarwa.

Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya bar wa miji damar ladabtarwa a sashe na 55. A 2015 Najeriya ta kafa dokar VAPP, wadda ta mayar da dukan abokin aure, korarsa daga gida da raba shi da dangi laifi. Ta fara aiki a Abuja, daga baya jihohi suka riƙa amincewa da ita.