Daga Zagga zuwa Jidda: Masafa, Lokaci da Hukuncin Matafiyi

Tsakanin Birnin Kabi da Jidda akwai tazarar kusan kilomita 3,800 a miƙe, wadda jirgin sama ke cinyewa cikin kimanin sa'o'i biyar. Maniyyacin da ya fito daga Zagga, a Ƙaramar Hukumar Bagudo mai iyaka da Jamhuriyar Benin, yakan shiga mota zuwa filin jirgin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kabi, kuma idan ya sauka sai ya ƙara sa'o'i biyu a agogonsa.

Kakanninsa na ƙasar Gwandu kuwa da shekaru suke lissafin wannan tafiya. Ayari yakan bi ta Kano da Borno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan har Sawakin, sannan ya ƙetare Bahar Maliya. A hanya akan yada zango a yi noma, ko a karantar da almajirai, har guzuri ya taru. Mutum yakan bar wasiyya kafin ya fita, domin da yawa ba su komo ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kansa ya nufi gabas a 1807, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Diya'ul Hukkam, ya dawo. Shi da Shehu Usmanu babu wanda Allah ya nufa da Hajji, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin sharaɗin iko a wancan zamani. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a masu yawa sun bi wannan hanya, zuriyarsu na Mai Wurno a Sudan har yau.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, kuma a shekarun 1950 jigilar alhazai ta sama ta kankama.

Wannan sauyi bai girgiza babin ƙasaru ba. Malikiyya sun rataya rangwamen a kan masafar barid huɗu, wato mil 48, kuma magabata sun riga sun tabbatar da cewa wanda ya keta ta cikin ɗan lokaci yana da haƙƙin yin ƙasaru. Wahala hikimar rangwamen ce, amma illarsa ita ce tafiyar, kuma masu cakuɗa waɗannan biyu su ne ke ɗora wa fasinja takurar da shari'a ba ta ɗora masa ba.

Inda aka sha muhawara shi ne miƙati. Mai raƙumi yakan sauka, ya yi wanka, ya ɗaura harami a natse, amma jirgi yana gifta daidai da miƙati cikin daƙiƙoƙi. Shaihu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar ya halatta wa masu zuwa ta sama su ɗaura harami a Jidda. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tsaya a kan cewa wajibi ne a yi niyya idan aka zo saitin miƙati, ko da a sararin sama ne. Hujjar Majalisar ta fi ƙarfi, domin fasinja zai iya ɗaura mayafan tun kafin ya hau jirgi, niyya da talbiyya kuma ba sa buƙatar sauka.

A yau yawancin alhazan Nijeriya Madina ake fara kai su, don haka a Zul-Hulaifa suke ɗaukar harami, ƙafafunsu a ƙasa, kafin su kama hanyar Makka ta sama da kilomita 400 a mota.